Fim ɗin Maginan Katsina: Yadda Aikin Ke Tafiya

17 ga Nuwamba, 2024

A wannan makon ake tsakiyar bikin IDFA a Amsterdam ta ƙasar Holan. Tun 1988 ake yin sa duk shekara, kuma a bukukuwan baje kolin fina-finan dokumentari babu wanda ya kai shi girma a duniya. Fina-finan gaskiya ake kaiwa can, na mutane a cikin rayuwarsu, babu jarumi babu ɗan wasa. Da yawa daga cikin masu kai fim ɗin masu zaman kansu ne, ba wani gidan talabijin da ya aike su. Wani abu ne ya tsaya musu a rai suka ɗauki kyamara suka bi shi, wani shekara ɗaya, wani har shekaru. Burina fim ɗinmu ya kai irin wannan taro, shi ya sa na buɗe littafin aikin yau.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne maginan ƙasa na birnin Katsina. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san ganuwa tana ƙarewa a kan idonsa, ya san zaurukan da aka rushe aka tayar da shaguna na bulo. Gini dai ana iya ɗaukar hotonsa a ajiye. Abin da ba ya ajiyuwa a hoto shi ne hannun da ya san yadda ake yi, kuma masu wannan hannun sun manyanta. Su nake son ɗauka suna aiki, daga kwaɓin ƙasa har zuwa ranar da ruwan sama zai gwada rufin.

Mu uku ne. Ni ke riƙe kyamara, ƙanena na kan sauti, ƙanwata kuma za ta ɗauki duk abin da ke cikin gida inda namiji ba ya shiga. Kuɗin aljihunmu ne. Shawara ɗaya muka yanke tun yanzu: babu muryar mai ba da labari a kan hoton. Maginan da kansu za su yi magana, idan kuma suka yi shiru, fim ɗin ya yi shiru da su.

26 ga Nuwamba

Mun fara da gaisuwa wurin mai unguwa, shi ya haɗa mu da yaro ya kai mu zauren tsohon maginin da kowa ke nuna mana. A wannan littafi Baba zan riƙa ce masa, kamar yadda nake ce masa a gabansa.

Bayan gaisuwa na yi bayani. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To, wa zai kalla?"

Na ce, "Baba, in Allah ya yarda mutanen Legas, da na ƙasashen Turawa. Akwai taron da suke yi duk shekara don irin wannan fim."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. "Yaro, in za ka kai aikina wata ƙasa, ni zan fara ganin yadda ka ɗauke shi. Ni da yarana, a nan zauren. Bayan nan ka kai inda ka ga dama."

Na amsa masa nan take, kuma na rubuta sharaɗin a cikin takardar amincewa. Wannan takarda dole ce, domin bukukuwa da gidajen talabijin na son tabbacin cewa duk wanda ya fito a fim ya yarda. Da Turanci aka saba rubuta ta, cike da maganar lauyoyi, mutum ya dangwala hannu bai san abin da ya sayar ba. Tamu da Hausa muka rubuta, kuma tunda Baba ajami yake karantawa, wani malami a unguwar ya kwafe masa ita da ajami. Da kansa ya karanta, layi bayan layi, kafin ya sa hannu.

12 ga Disamba

An fara aiki. Wani bawan Allah ne ke gina zaure da soro ɗaya a gefen gari, ta wajen Ƙofar Marusa, ya kuma ce da ƙasa yake so. Irinsa sun yi ƙaranci, don haka muka ɗauki wannan a matsayin rabo.

Makon farko kusan duk a ramin kwaɓi muka yi shi. Ana kawo jar ƙasa, a farfasa, a jiƙa, a zuba ramno da kashin doki, lebura su shiga su tattake da ƙafa. Sai a bar ta ta kwana, a sake jiƙawa, a sake tattakewa, haka har sai ta ruɓa ta yi danƙo. Baba ba ya auna komai da mudu. Yakan ɗebo ya murza tsakanin yatsu, wani lokaci ya shinshina, sai ya ce a ƙara ruwa ko a ƙyale ta zuwa jibi. Daga nan ake cura tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a jera a rana su bushe.

Yau aka kai bango inda magini ke hawa ya zauna a kai kamar mai hawan doki, na ƙasa na jefa masa tubali ɗaya bayan ɗaya yana cafewa ba tare da ya duba ba, yana dasawa, ana jefo masa curin ƙasa yana cikewa. Na ajiye kyamara a kan ƙafarta na bar ta tana ɗauka ban yanke ba. Ina jin da wannan za a buɗe fim ɗin.

Hazo na taimakon hoto, don yana tausasa hasken rana, jar ƙasa ta fito da kyau. Amma ƙura na shiga ko'ina, sai a cikin mota muke canza gilashin kyamara. Wahalar gaske tana wajen ƙanena. Kunne ya saba da ƙarar Keke Napep da injin markaɗe da janareton maƙwabta har ba ya jin su, makirfo kuwa ba ya yafe ko ɗaya. Hira sai da sassafe, bayan an idar da sallar asuba kafin gari ya tashi.

3 ga Janairu, 2025

Wuta ba ta tsayawa, batura na mutuwa ana tsakiyar aiki. Mun sayi ƙaramar sola da batir ɗinta, kuɗin da muka ware wa fassara ne ya tafi a nan. Kowane dare ana kwafe hotunan ranar a faifan ajiya guda biyu, ɗaya a gidana, ɗaya a gidan ƙanwata.

21 ga Janairu

An zo rufi, kuma a nan ne fim ɗin ya sami abin da zai tsaya a kai.

Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ta namijin giginya aka fi so, don ta fi tauri, gara ba ta cin ta da sauƙi. Tsawon da azara ke iya ɗauka ita kaɗai bai wuce kamar ƙafa shida ba. Duk ɗakin da ya fi haka faɗi sai an yi masa dabara, kuma wannan dabarar ce ta haifi bakan gizo. Ana dasa azara a jikin bango tana leƙowa, a ɗaure wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga ɓangarori biyu, har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Da wannan ilimi Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ganin ana ɗaure shi a gabanka, da igiya da ido kawai, daban yake da karanta shi a takarda.

Sai dai azarar ta yi tsada, ta kuma yi wuyar samu. Mai kawo ta ya ce giginyar ta yi nisa, hanyoyin da ya saba bi ta yammacin jihar kuma ba kowace rana ake bin su ba saboda 'yan bindiga. Wannan ma ya shiga fim.

Babban ɗan Baba magini ne shi ma, amma na bulo da siminti. Ya zo taya mahaifinsa ɗaurin baka, suna hutawa a inuwa magana ta tashi, kyamara na kunne da saninsu. Baba ya ce ɗakin bulo da kwano tanda ne a watan Afrilu, mutum ya gina da kuɗinsa sannan ya fito ya kwana a waje. Ɗan ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba. Amma mai gida ba ya son abin da zai riƙa yi wa yaɓe duk shekara. Kuma aikin bulon nan shi ke kawo hatsi gidan nan." Baba bai musa ba. Ya ce ko da buhun siminti ya haura naira dubu goma a bara, bai ga mutane sun dawo wa ƙasa ba, sai dai su bar gini a tsaye rabi. Abin da ke damunsa ke nan: ba tsada ce ta kori ƙasa ba, kunya ce. An mai da ita alamar talauci.

Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma ba zan yanke fim ɗin yadda ɗaya zai ci ɗaya ba. Na san akwai masu kallo a waje da za su so tsoho mai hikima da yaro wanda zamani ya ɓata. Wannan labari ne mai sauƙin sayarwa, amma ƙarya ne a kan wannan gida.

Da yamma na nuna wa Baba hotunan masallacin Yama da ke jihar Tawa a Nijar, wanda Falke Barmu, maginin ƙasa Bahaushe, ya fara a 1962, har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe a kan hasumiyoyin. Sai ya tambaya ko mutumin ya bar almajirai. Ita ce tambayar da ke cin sa game da kansa.

13 ga Fabrairu

Daɓe aikin mata ne, don haka yau ni da ƙanena a waje muka zauna. Ƙanwata ta shiga da kyamara da ƙaramin makirfo.

Da daddare na ga abin da ta ɗauko, kuma shi ne mafi kyawun abin da muke da shi zuwa yanzu. An baza tsakuwa da ƙasa, ana yayyafa ruwan makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, mata sun jeru a durƙushe kowace da madaɓinta. Wata tsohuwa ce ke ba da waƙa, saura na amsawa, madaɓai na sauka tare a kan amshin. Waƙar ce ke riƙe da aikin, in ta yi sauri hannu ya yi sauri. A cikinta akwai habaici ga kishiya, akwai yabon mai gida, akwai zolayar amaryar da ta zo ba ta iya riƙon madaɓi ba.

Kafin ta kunna kyamara ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yarda da fuska, wasu suka ce hannu da murya kawai, biyu suka ce kada ma a ji su, suka koma gefe. Tsohuwar ta ce mata, "'Yar nan, ɗauki da kyau. Jikokina siminti suka sani, ba su taɓa jin wannan ba." Ƙanwata ta ce, "To, Iya." Ta rubuta abin da kowace ta zaɓa a littafi, don kada a manta wajen haɗawa.

9 ga Maris

Azumi ya shiga tun farkon wata, aikin gini ya koma na safe kawai. Mu ma mun rage fita. Bayan asham nake zama in bi hotunan ina rubuta abin da ke cikin kowane.

A wannan watan ne aka saba yin bikin iREP a Legas, wanda Femi Odugbemi da Jahman Anikulapo da Makin Soyinka suka kafa a 2010, don fina-finan dokumentari kawai. An sha yin sa a Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawan mulkin mallaka da aka mayar wurin taro. Manufar da suka ɗora bikin a kai ita ce Afirka ta riƙa magana da kanta game da kanta. A farkon watan nan kuma aka rufe bikin fina-finan Afirka na FESPACO a Wagadugu, wanda ake yi tun 1969, yanzu duk bayan shekara biyu, shi ma yana da ɓangaren dokumentari. Akwai Encounters a Afirka ta Kudu, akwai Hot Docs a Toronto ta Kanada, akwai na Sheffield a Ingila. Ƙofofin suna da yawa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ƙarancin Hausa a waɗannan wurare. Muna da masana'antar fim da ta fi shekara talatin tana aiki, muna da masu kyamara da masu haɗa hoto da suka ƙware, amma kusan duk ƙarfin ya tafi ga wasan kwaikwayo. Dokumentari a wurinmu ya zama ko na gwamnati mai nuna ayyukan da aka ƙaddamar, ko na baƙin da ke zuwa idan an yi annoba ko an sace yara. Su ma aikinsu suke yi. Amma wanda ya san Katsina ta nan kaɗai ba zai taɓa sanin akwai mutum irin Baba ba, kuma laifin ba na baƙon ba ne tunda mu ba mu ɗauka ba.

16 ga Afrilu

Zafi ya kai inda ya kai. An gama soron, an yi masa zankwaye a kusurwoyi. Da azahar muka shiga ciki da ɗan Baba, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya yi ajiyar zuciya, bai ce komai ba. Na bar hoton haka.

Mun kuma fita da Baba zuwa hasumiyar Gobarau. Tsawonta kusan mita 15, ta ƙasa ce da azara, kuma ana danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau. Na so in tambaye shi tarihi, sai na ga shi bangon yake dubawa, yana shafawa, yana nuna inda ruwa ke bi da inda aka yi gyara daga baya. A wurinsa ginin ya tsaya ne don ba a taɓa daina kula da shi ba. Daga nan muka wuce tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a farkon shekarun 1920, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan tarihi ce. Ita ma ta ƙasa ce. Mutanen da suka jagoranci Arewa a ɗakin ƙasa aka koyar da su, ya kamata mai jin kunyar ƙasa ya san wannan.

A hanyar dawowa Baba ya ba mu labarin majigi, yadda yana yaro motar gwamnati ke zuwa da magariba a kafa farin ƙyalle a fili, a nuna fim ɗin tsafta ko na noma, mai fassara na bayani ta lasifika. Ashe dokumentari ba baƙo ba ne a wurinsa. Sai dai a wancan lokaci koya masa ake yi, ba a taɓa tambayarsa abin da ya sani ba.

22 ga Mayu

Haɗa hoto. Da manhajar DaVinci Resolve nake aiki, samfurin da ake bayarwa kyauta, a kan kwamfutar da sai an sa mata fanka. Bukukuwa da yawa na ɗaukar abin da bai wuce minti 40 ba a matsayin gajeren fim, gidajen talabijin na Turai kuma sun saba da minti 52. Namu ina ganin zai tsaya wajen minti 70, daga baya a fitar da na 52.

Muna kuma shirya takardun neman tallafi don gyaran sauti da launi, waɗanda ba za mu iya a gida ba. IDFA na da asusun Bertha, mai tallafa wa masu dokumentari daga Afirka da Asiya da Latin Amurka da wasu yankuna, Hot Docs kuma na da asusun Blue Ice na masu fim na Afirka. Kowanne na son taƙaitaccen labari, da kasafin kuɗi, da ɗan yankin fim, da bayanin dalilin da ya sa kai ne ya dace ka yi shi. Wannan ta ƙarshen ta fi sauƙin amsawa: a gidan ƙasa aka haife ni, a wannan gari.

27 ga Yuni

Kafin ruwa ya kankama Baba ya hau ya shafe rufin da laso. Katsi ne daga marina, da gashin jima daga majema, da dafara, ake haɗawa ya zama abin da ruwa ba ya ratsawa. Wato magini na dogaro da marini da majemi, in sana'a ɗaya ta mutu sai ta ja sauran. Katsin ma sai da aka yi cigiya kafin a samu.

Jiya da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Mun isa da kyamara a cikin leda, muka sami ruwan farko mai ƙarfi yana zuba ta indararo, Baba na tsaye a cikin soron ya ɗaga kai yana bin rufin da ido, kusurwa bayan kusurwa. Ko ɗigo babu.

18 ga Yuli

Fassarar ƙasan allo ta ci makonni. Layi biyu ne iyaka, kuma dole mai kallo ya karanta ya kuma ga hoton, don haka ana taƙaitawa. Wata malamar Turanci ce ke duba mana.

Abokai na ta cewa in saka fim ɗin a YouTube kowa ya gani. Ga dalilin da ya sa ba yanzu ba. Manyan bukukuwa na ba nunin farko muhimmanci ƙwarai. Akwai nunin farko a duniya, akwai na farko a wajen ƙasar da aka yi fim, akwai na farko a nahiya, kuma gasa da yawa ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet. Nunin farko a duniya sau ɗaya ake yin sa, in ya tafi ya tafi. Kallon da za mu yi a zauren Baba bai shiga wannan lissafi ba, don na mutanen da ke cikin fim ne, ba a gayyaci jama'a ba, ba a sayar da tikiti ba. Na roƙi yaran aikin kada kowa ya ɗaga waya a ranar.

Yawancin bukukuwa ta shafin FilmFreeway ake aika musu, wasu kuma ta nasu shafin, da kuɗin shiga na dala ko yuro. Da canjin yau wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ana iya rubuta musu a nemi sassauci, wasu na yi wa masu fim daga ƙasashe irin namu.

A makon nan wani tsohon gidan ƙasa ya zube a wata unguwa ta cikin gari bayan ruwan dare. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. An daɗe ba a yi masa yaɓe ba, kwata kuma ta toshe, ruwa ya kwanta a gindin bango. Da izinin masu gidan muka ɗauka, kuma zai shiga. Fim ɗin da ya nuna sanyin soro amma ya ɓoye wannan, talla ne, kuma masu zama a irin waɗannan gidaje za su fara gane ƙaryar.

10 ga Agusta

An cika alkawari. Jiya bayan isha muka rataya farin zane a bangon zauren, muka aro na'urar haska hoto. Baba, da ɗansa, da lebura, da mai ginin, da mai unguwa. Mata sun kalli nasu yau da hantsi a cikin gida tare da ƙanwata.

An yi dariya, an yi ta nuna juna. Baba bai ce uffan ba har aka gama. Sai ya ce, "Yaro, ka yi ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Amma ƙasar nan ka sa ta yi sauri. Wanda ya kalla zai ɗauka yau aka kwaɓa gobe aka ɗora. In wani yaro ya koya daga nan, gininsa zai faɗi." Yana son a ji jiran, a ga ƙasa na kwance ana dawowa ana duba ta. Ni saurin fim nake tunani, shi kuma wanda zai koya yake tunani. Zan mayar da jiran, ko da mai kallo a Amsterdam zai gyara zama.

Ɗansa ya ja ni gefe ya ce kada in taɓa muhawararsu, amma in ƙara inda ya hau ya ɗaure baka da hannunsa, don a san ya iya, ba gudun aikin ya yi ba. Hoton na nan, zai shiga.

Daga cikin gida saƙo ya fi nauyi. Ɗaya daga matan da suka yarda da fuska ta canza shawara, an sa ranar ɗiyarta, ba ta son dangin miji su gan ta a allo. Ita ce a tsakiyar hoton daɓen da na fi so. Takarda na hannunmu da sa hannunta, amma takarda ba ta fi ta ba. Za a cire, a yi amfani da inda hannuwa kawai suka fito. Ya yi min zafi, ƙanwata ma har ta yi hawaye, amma babu wata magana.

Wannan gyara na nufin IDFA na Nuwambar bana ya wuce mu, tunda ana rufe karɓar fina-finai watanni kafin bikin. Da muka zauna mu uku, sai muka ga hakan ya daidaita mana hanya. Za mu fara nema a iREP na Maris mai zuwa. In sun karɓa, nunin farko a duniya ya zama a Najeriya, gaban mutanen da wasunsu ke jin Hausa, waɗanda za su iya tashi su ce mana ba haka ba ne. Na san hakan zai rufe mana wasu gasa a waje da ke son su ne na farko. Za mu nemi waɗanda ke karɓar nunin farko a wajen ƙasa, IDFA na cikin inda za mu aika. In Legas ta yiwu, ina son Baba ya je da kansa ya amsa tambayoyi, ɗansa ya raka shi.

2 ga Satumba

An mayar da jiran ƙasa, fim ya ƙaru da kusan minti huɗu. An sake haɗa daɓen, ƙanwata ta kai wa matan sun gani sun amince. Takardun tallafi guda ɗaya ya tafi, ɗayan na jiran kasafin mai gyaran sauti daga Kano. Fassara sai an sake daidaita lokutanta tunda hoto ya motsa.

Saura ɗauka ɗaya. Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba Baba zai koma ya duba soron, ya yi yaɓen da damina ta ci, kuma ya ce jikansa mai shekara goma sha biyu ne zai riƙa miƙa masa ƙasa. Mun sayi sabon batir don ranar. Mai ginin ya ce a sanar da shi kwana biyu kafin mu zo, don a kwashe kayan da ke zauren.